Zomon da Ake Kamawa Daga Zaune

A watan Yuni rana ba ta faɗuwa a karkarar Ingila sai tara na dare ta gota. Tun wajen ƙarfe shida maharbi zai ajiye motarsa can nesa da gona, ya rataya bindiga, ya saɓi wata faffaɗar jaka marar nauyi, ya bi gindin shinge a hankali har ya zo daura da wani tudu da ramuka suka huhhuda. Nan zai zuge jakar, sai wata 'yar bukka ta yadi mai launin ganye da busasshiyar ciyawa ta miƙe da kanta, domin ƙarafan cikinta masu lanƙwasa ne. Zai kafe ta da 'yan turaku, ya taka zuwa gaba ya soka tsinke ɗaya a mita ashirin, wani a mita talatin, ya dawo ya shige, ya buɗe taga guda tak, ya ɗora bindigar a kan sanda mai ƙafa uku. Daga nan sai zama. Rabin sa'a kan wuce babu abin da ya gitta. Can sai kunnuwa biyu su leƙo daga bakin rami, su juya gabas su juya yamma, su koma. Bayan ɗan lokaci mai kunnuwan ya fito gaba ɗaya, wani ya biyo shi, kafin magariba gefen gonar ya cika.

Bahaushe ya ce zomo ba ya kamuwa daga zaune, kuma a dajinmu gaskiya ya faɗa. Amma a Birtaniya zaman ne sana'ar, har ta haifar da kasuwa: shagunan kayan farauta cike suke da ragar ɓuya mai sanduna, da kujera mai rumfa wadda ake ninkewa, da bukkar tafi-da-gidanka irin wadda aka kwatanta. Masu sayarwa na tallata su a matsayin hanyar cika jaka da nama, masu suka kuma na ganin yaudarar dabba ce kawai da lalaci. Ni ina ganin ɓangarorin biyu sun saki reshe sun kama ganye. Amfanin maɓoyar yana cikin irin harbin da take tilasta wa mai ita: daga nisan da aka auna, a kan dabbar da ta natsu, zuwa inda aka san harsashi zai tsaya. Da wannan ma'auni ya kamata a auna ta, kuma idan aka auna ta da shi za a ga ta cancanci yabo a wasu wurare, a wasu kuma ba ta da abin cewa.

Zomon rami da zomon fili

Dalilin da ya sa karin maganarmu ba ta aiki a can yana cikin halittar dabbar. Zomon dajinmu ɗan fili ne. Ba ya haƙa gida, yana kwanciya ne a gindin ciyawa shi kaɗai, 'ya'yansa na zuwa duniya da gashinsu, idonsu a buɗe, kuma gudu ne makaminsa. Wanda ke son sa dole ya tashe shi da kare da gora. Zomon Turai kuwa, wanda shi ne kakan zomayen da ake kiwo a gidajenmu, ɗan rami ne mai zaman taro. Yana haƙa ramuka masu ƙofofi da yawa a tudu ko gindin shinge, ya zauna da danginsa shekara da shekaru, ya fito kiwo da asuba da kuma yamma lis, kuma da wuya ya yi nisa da bakin raminsa. Dabbar da aka san gidanta, aka san lokacin fitarta, aka san hanyar da take bi, ita ce ake yi wa kwanto.

Asalinsa Sifen da Fotugal da kudancin Faransa ne. Normawa ne suka yaɗa kiwonsa a Ingila wajen ƙarni na 12, ana tsare shi a killatattun filaye saboda namansa da fatarsa, har akwai masu gadi na musamman. Da noma ya bunƙasa, aka kuma ƙarar da yawancin namun da ke cin sa don kare tsuntsayen farautar masu ƙasa, sai ya fantsama. Macen na ɗaukar ciki kwana talatin, ta haifi huɗu zuwa shida, ta sake ɗaukar wani cikin kusan nan take, haka tun daga Janairu har wajen Agusta. A ƙarni na 19 rigimar zomo ta kai majalisa, domin mai ƙasa na hana a taɓa shi, manomin da ke haya kuma na kallon alkamarsa tana ƙarewa. Dokar 1880 ce ta bai wa mai hayar gona 'yancin kashe zomo a filin da yake nomawa, ko mai ƙasa ya so ko bai so ba.

Wajibin da doka ta ɗora

A 1953 cutar miksomatosis ta ɓulla a yankin Kent, ƙumar zomo ta yaɗa ta ko'ina, cikin shekara biyu zuwa uku ta kashe kusan kashi 99 cikin ɗari na zomayen ƙasar. Mutanen karkara sun daɗe ba su manta da abin da suka gani ba: zomaye da kumburarrun idanu, makafi, suna zaune a bakin hanya suna jiran mutuwa. Dokar 1954 ta haramta yaɗa cutar da gangan, amma a ƙarƙashinta aka kuma ayyana kusan dukkan Ingila da Wales a matsayin yankin da ya wajaba mai riƙe da fili ya rage zomayen da ke cikinsa, ko ya hana su yi wa maƙwabci ɓarna. Wannan doka na nan har yau. Zomayen sun farfaɗo a hankali bayan sun fara jure cutar, kuma an daɗe ana ƙiyasta asarar da suke jawo wa noma da kimanin fam miliyan 100 a shekara. Manoma kan ce zomo bakwai zuwa goma na cin abin da tunkiya guda ke ci. Ban da cin amfanin gona, suna ɓare bawon ƙananan itatuwa har su bushe, suna rarake gefen layin dogo, kuma mai doki ya san abin da rami ke yi wa ƙafar dokin da ke sukuwa.

Saboda haka tambayar da ke gaban manomin Ingila ita ce ta wace hanya za a kashe, tunda kisan kansa doka ta riga ta yanke. Hanyoyin kuma suna ta raguwa. An hana tarkon ƙarfe mai haƙora tun 1958. Wales ta haramta tarkon zarge a 2023, Scotland ta bi sahu a 2024. Tura iskar guba cikin rami na buƙatar horo da takardar shaida. Cikin abin da ya rage a hannun talakan manomi akwai shingen waya, da sakin feret, wata 'yar dabba mai kama da tunku da ake turawa rami ta koro zomaye su faɗa raga, sai kuma bindiga. A cikin wannan taƙaitaccen zaɓi ne ya kamata a duba maɓoyar.

Abin da zomo ke gani

Idanun zomo a gefen kansa suke, don haka yana ganin kusan duk abin da ke kewaye da shi ba tare da ya waiwaya ba. Ba gwanin rarrabe launi ba ne, amma motsi komai ƙanƙantarsa ba ya wuce shi, haka ma siffar mutum a tsaye idan sararin sama na bayansa. Kunnuwansa na juyawa kowanne da kansa, hancinsa ba ya hutawa, kuma ƙafafunsa na jin girgizar takun mutum ta cikin ƙasa. Idan ɗaya ya tsargu sai ya buga ƙafar baya a ƙasa, ya ruga yana nuna farin gindin wutsiyarsa, nan da nan fili ya zama wayam. Wanda ya taɓa ƙoƙarin sanɗar su ya san kifi na ganinka mai jar koma.

Maɓoya ba ta yaƙi da duk waɗannan gaɓoɓin, ido kawai take rufewa. Tana ɓoye farar fuska da hannu, da ɗaga bindiga zuwa kafaɗa, da gyara zama idan ƙafa ta yi sanyi. Shi ya sa cikin bukkokin zamani baƙi ne wuluk, kuma gogaggu ke cewa a sa baƙar riga, a zauna can baya, a bar bakin bindiga a ciki, kada a buɗe tagar baya, domin da zarar haske ya ratsa ta biyu inuwar mutum ta bayyana. Sauran aikin na maharbi ne. Dole iska ta riƙa bugo fuskarsa daga wajen ramukan, in ba haka ba warinsa zai riga shi isa. Dole ya iso da wuri, kafin lokacin fita kiwo, ya taka a hankali. Kuma zomo na zargin duk sabon abu da ya tsiro a filinsa, don haka bukkar da aka dasa a tsakiyar fili yau da yamma ba ta yaudarar kowa. Ana jingina ta ne da shinge ko gindin itace, wasu ma su bar ta kwana biyu ko uku a kafe har zomayen su saba da ita.

Dabarar ba sabuwa ba ce, kayan ne sababbi. Ragar da ake ratayawa a kan sanduna ta fito ne daga masu harbin kurciyar daji da ke cinye gonakin Ingila, sana'ar da Manjo Archie Coats ya yi suna a kanta bayan Yaƙin Duniya na Biyu, yana gina maɓoya da dammunan ciyawa a tsakiyar gona. Bukkar da ke miƙewa da kanta kuwa daga Amurka ta zo, inda masu farautar barewa da talotalon daji, musamman 'yan baka, ke buƙatar wurin da za su ja tsirkiya ba a gan su ba. Maharbin ƙasar Hausa ma ya san wannan ilimi tun kaka da kakanni: wanda ya ɗaura kan burtu a goshinsa ya rarrafa cikin ciyawa yana kwaikwayon tsuntsu, abin da yake nema shi ne ya kusanci nama har inda kibiyarsa ko 'yar bindigarsa ba za ta kuskure ba. Makami mai gajeren zango shi ke koya wa mutum ɓuya.

Bindigar da ba ta kai nesa

Nan ne ainihin hujjar take. Da yawa daga masu zaman maɓoya don zomo a Birtaniya bindigar iska suke riƙewa, domin a Ingila da Wales babba na iya mallakarta ba tare da lasisi ba muddin ƙarfinta bai wuce iyakar da doka ta sa ba, wato kimanin jul 16. A Scotland tun ƙarshen 2016 ita ma sai da takarda. Bindiga mai wannan ƙarfi tana kashe zomo nan take, amma da sharaɗi biyu: kada nisan ya wuce mita talatin zuwa talatin da biyar, kuma 'yar ƙwayar dalmar ta shiga ƙwaƙwalwa, tsakanin ido da gindin kunne. Wurin da ake nema bai fi girman goro ba. Ƙwayar ba ta tafiya a miƙe, lanƙwasa take yi tana faɗuwa, don haka kuskuren mita biyar wajen ƙiyasin nisa ya isa ya sauke ta daga ƙwaƙwalwa zuwa muƙamuƙi. Zomon da aka fasa wa muƙamuƙi yana da ƙarfin komawa rami, kuma can zai mutu da yunwa bayan kwanaki, babu mai gani.

Yanzu a kwatanta mutum biyu. Na farko yana yawo a gefen gona, ya hango zomo, ya sanɗa yana haki, ya ƙiyasta nisa da ido a cikin hasken da ke dushewa, ya harba a tsaye ko a durƙushe, a kan dabbar da ta riga ta tsargu tana shirin zabura. Na biyu yana zaune a kujera, numfashinsa daidai, bindigarsa a kan madogara, ya san tsinken can mita ashirin ne, na bayansa talatin, ya kuma riga ya gwada inda ƙwayarsa ke sauka a kowannensu. Zomon da ke gabansa bai san da shi ba, yana kiwo, yana ɗaga kai lokaci-lokaci. Idan ya tsaya a karkace, ko ciyawa ta tare kansa, ko wani na bayansa, mai zama na iya jira, domin babu abin da ke korar sa. Duk wanda ya san bindiga ya san wanne cikin biyun zai fi barin raunanan dabbobi a bayansa. Ƙungiyar BASC, babbar ƙungiyar maharba ta Birtaniya, na nanata wa 'ya'yanta cewa kada mutum ya harbi abin da ba shi da tabbacin kashe shi nan take, kuma maɓoya na daga cikin 'yan kayan da ke mayar da wannan nasiha abin da za a iya aikatawa. Mai karatu Musulmi ba baƙo ba ne ga wannan ƙa'ida, tunda an hore shi da ya wasa wuƙa ya hutar da abin yankansa.

Akwai kuma ribar da ba a cika ambata ba. Bindigar iska mai abin rage ƙara kusan ba ta da amo, don haka bayan harbi sauran zomayen kan ruga rami, amma idan ba su ga mutum ba sukan dawo cikin kwata ko rabin sa'a. Shi ya sa mai zama ke barin wanda ya faɗi a inda yake har ya tashi tafiya, sai fa idan ya ga yana da sauran rai, nan kam dole ya fito ya ƙarasa shi ko da zaman ya lalace. Zomayen da ba su taɓa haɗa mutuwar ɗan'uwansu da siffar mutum ba ba sa zama masu wayo irin waɗanda aka saba bi da fitila da mota, waɗanda daga baya ko ƙyallin haske suka gani sai su ɓace.

Ina harsashin zai tsaya?

Suka mafi nauyi a kan maɓoya ta shafi lafiyar mutane, kuma ba a kore ta da baki. Karkarar Ingila da Wales na da hanyoyin ƙafa na jama'a masu tsawon fiye da kilomita 200,000, da yawansu sun ratsa ta tsakiyar gonaki, a Scotland kuma dokar 2003 ta bai wa kowa damar ratsa yawancin filaye. Mutumin da ya shige bukka ya bar taga ɗaya ya rufe wa kansa gefe uku, ba ya ganin mai yawo da kare da ke tahowa daga hagu, shi ma mai karen bai san akwai bindiga a gindin shingen ba. Ga shi kuma harbi daga zaune kusan a kwance yake tafiya, saɓanin na mai harbin barewa da ke hawa kujera a kan itace yana harbawa ƙasa. Idan aka bar bindigar iska aka ɗauki ƙaramar bindigar harsashi ta .22, wadda sai da lasisi, haɗarin ya ninka, domin harsashinta ya yi ƙaurin suna wajen dukan dutse ko busasshiyar ƙasa ya karkace, kuma yana iya tafiyar fiye da kilomita guda.

Duk wannan gaskiya ne, amma idan aka bi shi zuwa ƙarshe yana goyon bayan zama wuri guda ne. Mai yawo kowane harbi nasa sabon lissafi ne da ake yi cikin daƙiƙa biyu, zuciya na bugawa. Mai kafa maɓoya yana yin lissafinsa sau ɗaya, da rana tsaka, kafin ya ɗura bindiga: ya duba inda hanyar jama'a ta bi, inda gidaje da dabbobi suke, inda iyakar filin da aka ba shi izini ta tsaya, sannan ya fuskanci tudun ramukan, wanda shi kansa bango ne na ƙasa mai laushi da ke haɗiye harsashi. Ƙuntatar tagar ma kariya ce, domin ba ta barin sa ya juya ya bi zomon da ya ɓullo ta inda bai tantance ba. Doka ba ta wasa a nan. Shiga filin wani da bindiga ba izini babban laifi ne, barin ƙwayar bindigar iska ta tsallake iyakar filin laifi ne, haka ma harbi a cikin kimanin mita 15 daga tsakiyar titi idan ya firgita ko ya cutar da mai wucewa. Abin da sukar ke koyarwa shi ne a zaɓi wuri da hankali, a sanar da mai gona ranar da za a zo, a bar 'yar kafa ta leƙe a kowane gefe. Ragar da ba ta da rufi ta fi rufaffiyar bukka a wurin da jama'a ke yawan wucewa, ko da kuwa ba ta kai ta ɓoyewa ba.

Masu cewa yaudara ce, da masu cewa ɓarnar kuɗi ce

Wasu tsofaffin maharba na raina maɓoya. A ganinsu farauta gwajin gwaninta ce tsakanin mutum da dabba, wanda ya sanɗi zomo har mita ashirin a fili ya ci nasararsa da guminsa, mai zama a tanti kuwa jira kawai ya yi. Akwai abin girmamawa a wannan ra'ayi, domin sanɗa ilimi ce da ke ɓacewa. Sai dai adalcin da suke magana a kai na maharbi ne, don jin daɗinsa da alfaharinsa. Zomo bai san ana gasa ba. Damar da ake cewa an ba shi, a aikace, sau da yawa dama ce ta tsira da rauni. Idan har za a kashe shi saboda alkamar manomi, to abin da ya rage a bin sa bashi shi ne mutuwar da bai ji zuwanta ba.

Masu cewa ɓarnar kuɗi ce sun fi kusa da gaskiya. Mutum na iya kwanciya rub da ciki a gindin shinge, ya rufe fuska da hannu, ya sami abin da mai bukka ya samu, kuma dubban mutane haka suke yi. Bukka na da zafi da rani, iska na kaɗa yadinta har ya kori abin da ake jira, ɗaukarta kuma kaya ne. Amma ba kowane fili ke da shinge a daidai nisan da ake so kuma a daidai ɓangaren iska ba. Filin wasan golf, makiyayar dawakai, gonar 'ya'yan itace, duk sukan zama fayau. Ba kowa ne kuma ke iya kwanciya sa'a uku a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa ba motsi ba: dattijo mai ciwon gwiwa, mai naƙasa, ko yaron da ake koya wa harbi wanda dole babba ya zauna kusa da shi yana raɗa masa abin yi. Ga waɗannan, kujera da rumfa su ne bambancin harbi mai kyau da harbin gajiya.

Ba ta ƙarar da zomo

Inda masu talla ke wuce gona da iri shi ne nuna cewa maɓoya maganin annobar zomo ce. Shawarwarin da hukumomin Ingila ke bai wa manoma sun daɗe suna cewa fita harbi sau ɗaya ba ta rage fiye da kusan kashi ɗaya cikin uku na zomayen wuri, dabbar da ke haihuwa irin wannan kuwa tana cike giɓin kafin kaka. Ostareliya ce babbar shaida. Zomaye 24 da Thomas Austin ya saki a gonarsa ta Barwon Park a jihar Victoria a 1859 sun zama ɗaruruwan miliyoyi. An harbe su, an sa musu guba, an ja shingen waya na fiye da kilomita 3,000 a yammacin ƙasar tsakanin 1901 da 1907, duk a banza. Cutar da aka saki a 1950, da wata da ta kuɓuce daga tsibirin gwaji a 1995, da rusa ramuka da tarakta, su ne suka karya su. Manomin da ke da kadada dubu da zomaye dubu goma ba ya buƙatar mutum a cikin tanti. Hatta a Birtaniya masu aikin kwangila sun koma harbin dare da na'urar da ke ganin ɗumin jiki, suna kashe a dare guda abin da mai zama ba zai samu a wata ba.

Wurin maɓoya ƙaramin fili ne mai matsala ƙwaya ɗaya: tudu guda da ke cin gefen gona, lambun kayan miya, shukar itatuwa da ba ta yi ƙwari ba, makiyayar da ke kusa da gidaje inda ƙarar babbar bindiga ko hasken dare zai tayar da hankalin maƙwabta. A irin wannan wuri zuwa a kai a kai, ana ɗauke biyar yau shida jibi, tare da shingen waya mai kyau, yana riƙe ɓarna a inda za a iya jurewa. Naman kuma ba ya tafiya a banza, domin zomon da aka harba a ka jikinsa na nan lafiya, saɓanin wanda guba ta kashe a ƙarƙashin ƙasa ya ruɓe a can.

'Ya'yan da ke cikin rami

Akwai matsalar da maɓoya ba ta warware ba sai dai ta sassauta. Lokacin da zama ya fi daɗi, wato dogayen yammacin Mayu zuwa Yuli, shi ne tsakiyar lokacin haihuwa. Doka ba ta ware wa zomo watannin hutu ba. Uwar na haihuwar 'ya'yanta tsirara, makafi, a wani ɗan rami dabam da ta shimfiɗa wa gashin cikinta, tana zuwa shayar da su sau ɗaya a yini na 'yan mintoci, ta toshe ƙofar ta tafi. Idan aka harbe ta, su ma an kashe su, sannu a hankali. Shi ya sa masana ke cewa a yi aikin rage zomo tsakanin Nuwamba da Maris, lokacin da yawansu ya yi ƙasa kuma kowace mace da aka ɗauke ta rage zuriyar bazara. Amma a hunturu rana na faɗuwa tun ƙarfe huɗu, zomaye na fitowa ne bayan duhu, sanyi kuma na hana zama. Wannan saɓani na gaske ne, kuma duk wanda ya ce babu shi bai faɗi gaskiya ba. Abin da mai maɓoya ke da shi wanda mai fitila a bayan mota ba shi da shi shi ne lokacin dubawa. Ta madubin bindiga, daga mita ashirin da biyar, yana iya bambance matashin zomo da ya kusa girma daga babbar mace mai faɗin ciki da tsigaggen gashi, ya ɗauki na farko ya bar ta biyu. Ba kowa ke yin haka ba, amma zaman ne ke ba da damar yin sa.

Lokacin dubawar na ƙara daraja yanzu da zomon kansa ke ja da baya. Wani sabon nau'in cutar zubar jini ya shiga Birtaniya wajen 2010, kuma ƙidayar da masu sa-kai ke yi duk shekara ta nuna zomaye sun ragu da fiye da rabi tun tsakiyar shekarun 1990, duk da cewa har yanzu ana ƙiyasta su da miliyoyi masu yawa. A mahaifarsa ma, Sifen da Fotugal, an sa shi cikin jerin dabbobin da ke cikin haɗari a 2019, raguwarsa kuma ta jefa kyanwar dajin Iberiya da gaggafar Sifen cikin wahala, tunda shi ne abincinsu. Ingila ta riga ta ga irin wannan: bayan annobar 1953 ciyawa ta yi tsawo a tuddan da zomo ke aske wa, tururuwar da wani shuɗin malam-buɗe-littafi ya dogara da ita ta ɓace, shi ma ya ƙare a ƙasar a 1979, sai daga baya aka sake kawo irinsa daga Sweden. A yankin Breckland na gabashin Ingila, inda tsirrai da tsuntsaye da dama ke rayuwa a kan ƙasar da zomo ya tona, masu kula da muhalli har tara rassan itace suke yi don zomaye su sami inda za su haƙa sabon gida. Gona biyu da ke maƙwabtaka na iya kasancewa ɗaya zomo ya addabe ta, ɗayar kuma saura tudu guda da bai mutu ba, kuma manomin da ke wucewa a tarakta ba lalle ya san wacce ce tasa ba. Wanda ya zauna sa'a uku yana kallon bakin ramuka, mako bayan mako, shi ne zai fara lura idan talatin sun koma takwas, kuma a kansa ne ya je ya gaya wa mai gonar cewa bana a bar wannan tudun.